Katin PGA Tour: wa ke ci, wa ke komawa gida da aljihu wayam?

Nura Aberdeen: Assalamu alaikum mutanen gida. Akwai wani abokin aikina ɗan Sikotilan da ya hana ni sakat da zancen ɗan wasan golf Robert MacIntyre, har na gaji na zauna na bi labarin da kaina. Yaron ɗan Oban ne, wani ƙaramin gari a bakin teku, an haife shi a 1996, kuma bahago ne. Mahaifinsa Dougie shi ne mai kula da ciyawar filin golf na Glencruitten a garin nasu. A ƙarshen 2023 ya samu katin PGA Tour, wato babban rukunin gasannin golf na Amurka, ya koma Amurka, amma kaɗaici ya kusa kashe masa wasa. Makon da zai buga gasar Kanada ta 2024 ba shi da tsayayyen mai riƙe masa jaka, sai ya kira babansa. Uba ya ɗauki jaka, ɗa ya ci gasa. Tambayata ga masana: mene ne wannan katin da ake ta kuka a kansa? Na ga manyan mutane da gemu suna hawaye wai sun samu kati.

Shamsu Gunners: Wa alaikumus salam. Nura, ka je Turai ka fara lalacewa. Golf kuma? Wasan da alhazan birni ke yi don su rage tumbi? Mutum ya bugi ƙwallo sau ɗaya ya yi tafiyar minti biyar yana hira. Ka kawo mana zancen Firimiya don Allah.

Baba Garba Mai Jaka: Shamsu ɗana, bari in tanka maka kafin in amsa wa Nura. Na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar jakar 'yan golf a Kaduna tun ina yaro, kafin in koma tuƙi. Wanda ka gani yana rage tumbi mamba ne, ya biya kuɗin kulob, ko ya yi bugu ɗari babu mai korarsa. Wanda Nura ke magana a kai ɗan sana'a ne. Tsakaninsu kamar tsakanin mai hawan doki ran sallah ne da mai sukuwa don abinci.

Nura, katin nan izinin shiga gasa ne na kakar wasa guda. Ba albashi ba ne, ba kwantiragi ba ne. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya sa hannu shekara huɗu, ko benci yake dumamawa kuɗinsa na shiga. Ɗan golf ba shi da kulob. Shi ne kamfanin, shi ne ma'aikacin. Ana fara gasa ran Alhamis, rami 18 kullum. In an gama na Juma'a, wato rami 36, sai a yi tankaɗe: mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da na ƙarshensu su wuce zuwa Asabar da Lahadi. Sauran su tattara. Kuma wanda aka tankaɗe ba shi da ko sisi a kuɗin gasar, alhali ya biya jirgi, ya biya masauki, kuma dole ya sallami mai riƙe masa jaka.

Shamsu Gunners: Tsaya Baba, ka ce ko sisi?

Baba Garba Mai Jaka: Ko anini.

Maman Ummi: Ni wannan ɓangaren ne ya ja hankalina, don lissafi ne aikina. Baba Garba ya faɗi daidai, amma a ƙara da cewa tun kakar 2022 zuwa 2023 PGA Tour ta kawo tsarin da ke tabbatar wa mai cikakken kati dala 500,000 a shekara. Sabon shiga ana ba shi a gaba, sai a riƙa cirewa daga abin da ya ci. In bai ci ya kai haka ba, ba a ce ya dawo da ragowar. To kun ga wanda ya shiga ciki ya ɗan samu inuwa. Masu shan rana su ne na ƙasa.

Ku duba tazarar. Gasar Kanada da Nura ya ambata kuɗinta dala miliyan 9.4 ne, zakara yana ɗaukar kashi 18 cikin ɗari, wato dala 1,692,000. A Korn Ferry Tour, wadda ita ce rukuni na biyu a Amurka, gasa ta yau da kullum dala miliyan ɗaya ce gaba ɗayanta, zakara ya tashi da 180,000. Kuma wannan na zakara ne. Wanda ya zo na hamsin fa? Abin da zai samu da ƙyar ya rufe kuɗin makon. Jirgi iri ɗaya suke hawa, otal ba ya rage wa na rukuni na biyu kuɗi. Shi ya sa kake ganin hawaye, Nura. Mutumin da ya yi shekaru yana cin bashi ne aka ce masa gobe ka shigo kasuwar manya.

Nura Aberdeen: Hajiya na gode. To ta ina ake bi a samu? Abokin nawa ya ce MacIntyre bai taɓa buga Korn Ferry ba.

Malam Lawal Zariya: Bai buga ba, gaskiya ne. Ƙofofin suna da yawa, kuma suna canzawa kusan kamar jadawalin jarrabawa. Bari in jero waɗanda na sani, wanda ya fi ni sani ya gyara.

Babbar ƙofa ita ce Korn Ferry Tour. An kafa ta a 1990 da sunan Ben Hogan Tour, ta yi ta sauya suna gwargwadon mai ɗaukar nauyi, Nike, Buy.com, Nationwide, Web.com, har ta zama Korn Ferry a 2019. A 2023 da 2024 mutum 30 na sama ke samun kati, daga 2025 aka rage zuwa 20. Scottie Scheffler da ake ta yayi yanzu ta nan ya bi, shi ne gwarzonta na 2019. Akwai kuma wata doka mai daɗi: in ka ci gasa uku a kaka ɗaya, ba ka jiran ƙarshen shekara, nan take za a ɗaga ka. Matt McCarty ya yi haka a 2024, yana hawa kuma ya ci gasar Black Desert a jihar Utah a watan Oktoba. Shi ma bahago ne, ban san me bahagwai suka taka a shekarar ba.

Ƙofar da MacIntyre ya bi sabuwa ce. Daga 2023 aka yi yarjejeniya cewa mutum 10 na sama a gasar Turai, wadda yanzu ake kira DP World Tour, waɗanda ba su riga sun mallaki kati ba, za a ba su. Yana cikin goman farko, tare da Matthieu Pavon na Faransa da Ryan Fox na New Zealand da Ryo Hisatsune na Japan.

Sai ta uku, Q-School, wadda sunan makaranta kawai gare ta, ba a koyar da komai. Tankaɗe da rairaya ne mataki-mataki, ka biya kuɗin shiga da aljihunka. Da can zagayen ƙarshe kwana shida ake yi, rami 108. Bayan 2012 aka daina ba da katin PGA Tour ta nan, sai a 2023 aka dawo da shi, amma na mutum biyar na sama kawai.

Shamsu Gunners: Biyar? Cikin mutum nawa?

Malam Lawal Zariya: Waɗanda suka kai zagayen ƙarshe kaɗai sun haura 150. Kada ka ma yi zancen waɗanda suka zube a matakan baya.

Ibro Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Malam Lawal, zancen Pavon da ka yi ya tuna min, mu nan tashoshin Faransa muke kallo kuma sun yi ta maimaita shi. A gasar ƙarshe ta kakar 2023 a Dubai, sai da ya ci ramuka huɗu na ƙarshe a jere, kowanne da bugu ɗaya ƙasa da ƙa'ida, sannan ya kutsa cikin goman nan. Wanda ya faɗo waje shi ne Rasmus Højgaard na Denmark, ya zama na sha ɗaya. Wata biyu bayan haka, Janairun 2024, Pavon ya ci gasa a Torrey Pines a California. Da bugu ɗaya ya kauce masa a Dubai, da ba ya ma cikin jerin masu bugawa. Shi kuwa Rasmus ya sake shekara guda a Turai, a 2024 ya zo na ɗaya cikin goman.

Baba Garba Mai Jaka: Ka ji ko, Shamsu? Bugu ɗaya. A ƙwallon ƙafa in ka ɓarar da fenariti akwai mutum goma da za ku raba laifi. A nan kai kaɗai ne da ƙwallonka da ke kwance ba ta motsi. Babu mai tare ka, babu mai yi maka ƙeta. In ka lalata, ba ka da wanda za ka nuna wa yatsa sai mai jaka, shi ya sa mu muka sha zagi. Akwai wani mamba da ya taɓa buga ƙwallo ta faɗa cikin ciyawa mai tsayi, na neme ta har ƙaya ta tsaga min ƙafa ban gani ba, ya cire kuɗin ƙwallon daga ladana. Ranar da ƙafa na koma gida. Allah ya jiƙansa dai, ya riga mu gidan gaskiya.

Maman Ummi: Allah sarki Baba. Su can abin da aka saba shi ne a ba mai jaka kuɗin mako, sannan kashi 5 cikin ɗari in an tsallake tankaɗe, 7 in an shiga goman farko, 10 in an ci gasa. Ba doka ba ce, yarjejeniya ce tsakaninsu, amma haka aka fi yi. In da haka aka bi, rabon baban MacIntyre a mako ɗaya ya kai dala 169,200.

Baba Garba Mai Jaka: Hajiya, kin sa na ajiye kofin shayi. Ashe a garin da bai dace ba na ɗauki jaka.

Nura Aberdeen: Baba ai shi ma dattijon da aka tare shi da makirufo bayan an gama, kuka ya ci ƙarfinsa, abin da ya iya faɗa shi ne shi fa mai yankan ciyawa ne. Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ya faru kafin nan. Yaron ya kama gida a Orlando, ya yi watanni yana fama, ya fito fili ya ce rayuwar can ba irin ta gasar Turai ba ce, inda ake tafiya tare a ci abinci tare. A Amurka kowa da tawagarsa, kowa ya gama ya shige ɗakinsa. Ya koma Oban ya yi 'yan makonni, ya buga shinti da abokansa, wani wasansu na gargajiya mai kama da ƙwallon gora, sannan wasansa ya dawo. Ni da nake zaune a ƙasar mutane na san wannan ciwon. Akwai ranar da za ka dawo daga aiki ka ga ba ka yi magana da kowa da harshenka ba tun safe.

Shamsu Gunners: To na ji, akwai wahala. Amma ku bar ni in faɗi gaskiyata. Duk wannan kukan na masu hali ne. Wanda zai iya biyan jirgi daga gari zuwa gari shekara uku ba ya cin komai, ai ba talaka ba ne. Yaron unguwarmu da ledar da aka ɗaure yake fara ƙwallo, ya kai Turai. A golf sandunan kawai sun fi kuɗin babur.

Malam Lawal Zariya: Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Yawancin Amurkawan ta jami'a suke fitowa, da koci da fili kyauta, har ma yanzu wanda ya zo na ɗaya a jerin 'yan jami'a kai tsaye ake miƙa masa kati, kamar yadda aka yi wa Ludvig Åberg na Sweden a 2023. Amma ɗauki Ben Griffin, wanda MacIntyre ya kayar da bugu ɗaya tak a Kanada. A 2021 bashi ya yi masa katutu, ya ajiye sanduna ya kama aikin ofis a kamfanin ba da rancen sayen gida. Sai da wasu suka ɗauki nauyinsa ya dawo, ya bi ta Korn Ferry a 2022 ya samu kati. A 2025 ya ci gasa uku, aka sa shi cikin tawagar Amurka ta Ryder Cup, gasar da Amurka ke karawa da Turai. Da babu wanda ya zuba masa kuɗi, da yanzu yana cike wa mutane fom.

Shamsu Gunners: Ai ka ƙara tabbatar da maganata ke nan, Malam. Sai da mai kuɗi ya shigo.

Malam Lawal Zariya: Na ce rabi, ban ce ba ka da komai ba.

Maman Ummi: Ni ma a nan ina bayan Shamsu, kuma zan ƙara masa hujja. Tun da kuɗin Saudiyya suka shigo da LIV Golf, kishiyar PGA Tour, a 2022 suka fara janye manya, PGA Tour ta ƙirƙiro wasu gasa na musamman, kowace dala miliyan 20, 'yan wasa kamar 70 zuwa 80 kawai, yawancinsu ma babu tankaɗe. Wanda ya shigo da sabon kati ba ya cikinsu sai ya yi abin a zo a gani. Sannan da can mutum 125 na sama a jerin makin kaka ke riƙe cikakken katinsu, daga kakar 2025 aka mayar da shi 100. Wato an ƙara wa na sama nama, an rage wa na ƙasa kujeru. Sabon shiga yana fafatawa da mutanen da ke tara maki a gasar da shi ba a bar shi ya shiga ba. In wannan adalci ne, to ni ban gane lissafin ba.

Nura Aberdeen: Amma Hajiya in ka ci gasa ɗaya ai an ba ka kariyar shekara biyu, kuma ƙofar manyan gasannin ta buɗe. Abin da ya faru da MacIntyre ke nan. Bayan Kanada da makonni shida ya ci gasar ƙasarsa a Renaissance Club, ya doke Adam Scott da bugu ɗaya, alhali a 2023 a wannan filin Rory McIlroy ya ƙwace masa ita da bugu ɗaya. Rabon da ɗan Sikotilan ya ci wannan gasa tun Colin Montgomerie a 1999.

Maman Ummi: Ƙanena, kana ba ni labarin wanda ya ci ne. Cikin goman da suka tafi tare da shi, akwai waɗanda shekara na zagayowa suka rasa katin suka koma Turai, babu wanda ya kawo mana labarinsu a nan. Mu masu lissafi ba ma duba wanda ya fi kowa riba a kasuwa, na tsakiya muke dubawa.

Ibro Maraɗi: Hajiya ta kama ka, Nura.

Nura Aberdeen: Na sallama, amma ba duka ba. Ko J.J. Spaun ai ya taɓa rasa katinsa ya sake komawa ya nemo, kuma shi ne ya ci US Open ta 2025 a Oakmont, MacIntyre ya zo na biyu. Ƙofar ƙunci gare ta, amma ba a kulle take ba.

Baba Garba Mai Jaka: Ku tsaya in ba ku wani abu da yaran yanzu ba su sani ba. Wannan hanyar ta neman kati ta taɓa ratsawa ta ƙasar nan. Lokacin sanyin Turai, ƙananan 'yan wasansu kan gangaro Afirka su buga jerin gasa da ake kira Safari: Najeriya, Kwaddibuwa, Kenya, Zambiya, Zimbabuwe. Sandy Lyle, shi ma ɗan Sikotilan, gasar farko da ya ci a matsayin ɗan sana'a ita ce Nigerian Open ta 1978 a Legas. Daga baya ya ci Open ta Birtaniya a 1985, ya ci Masters a 1988. Vijay Singh ɗan Fiji, lokacin da ba wanda ya san shi, ya ci Nigerian Open a 1988, ya sake ci a 1989. Wannan mutumin a 2004 ya sauke Tiger Woods daga matsayi na ɗaya a duniya, ya ci gasa tara a shekarar.

Kuma a kan me suka buga a nan? Ba koriyar ciyawar da kuke gani a talabijin ba. Wurin ramin yashi ne da ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, akwai mai jan buhu yana share sawu kafin kowa ya buga. Na ja wannan buhun da hannuna.

Shamsu Gunners: Wallahi Baba ban taɓa jin wannan ba. To ina namu suka tsaya? Filin Rayfield na Jos ai an ce tun 1913 yake.

Baba Garba Mai Jaka: Namu da yawa daga jaka suka fara, kamar ni. Ka ɗauki jaka da safe, da yamma in mambobi sun watse ka ari tsohuwar sanda ka yi ta bugu har magariba. Na ga yaran da in suka buga ƙwallo sai ka rantse da igiya aka ja ta. Wasu sun zama 'yan sana'a, suna buga gasannin cikin gida, ƙalilan sun leƙa Afirka ta Kudu inda ake Sunshine Tour. Amma daga nan zuwa Florida akwai biza, akwai jirgi, akwai kuɗin shiga, akwai wata shida na otal da dala. Hannu ba ya rasa gwaninta, aljihu ne ke gajiya. A wannan kam, Shamsu, ban da abin da zan ce maka.

Malam Lawal Zariya: Ko 'yan Afirka ta Kudun da ke da filaye da masu ɗaukar nauyi ɗaya-ɗaya suke tsallakawa. Na baya-bayan nan da na bi shi ne Aldrich Potgieter, ya ci gasar Korn Ferry a Bahamas a 2024 yana ɗan shekara 19, ya samu kati, ya ci gasa a Detroit a 2025.

Shamsu Gunners: Baba, tambaya ta ƙarshe, kuma kada kowa ya yi min dariya. Akwai ɗan yayata, shekararsa tara, duk abin da ya samu a tsakar gida sai ya buge shi da muciya, ya fasa mana gilashin taga biyu. Shi ma da hagu yake yi. Ana samun sandar bahago a nan kuwa?

Ibro Maraɗi: Wanda ya ce a kawo zancen Firimiya ne fa wannan.

Baba Garba Mai Jaka: Ta bahago tana wuya, amma akwai wata tsohuwar sanda mai lamba bakwai da wani Bature ya bar min, tana bayan ƙofa ina korar awaki da ita. Sai an yanke ta ta yi daidai tsayinsa. Ka kawo shi ran Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kuma ka sa masa takalmi mai rufi saboda ƙaya.